Kwana Goma Sha Takwas Zuwa Wurin Yaya Ofelia

Hilario Cejas, kakanmu na wajen uwa, mutum ne da bai yarda da "bari mu gani" ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana walda a garejin jiragen ƙasa na garinmu, Dean Funes, kuma ko bayan da jirgi ya daina biyowa aka sallame su, tef ɗin awo bai bar aljihunsa ba. In ya ce ƙarfe bakwai, to bakwai ɗin ce. In matarsa Nelida ta ce masa "yanzun nan," sai ya ɗaga hannu ya dubi agogo, ita kuwa ta ƙara minti goma don dai ta ba shi haushi. A haka suka yi shekara arba'in da 'yan kai.

Uwar Hilario ta rasu yana ɗan shekara shida. Yayarsa Ofelia, wadda a lokacin take da goma sha bakwai, ita ta riƙe shi. Ita ta yi masa wanki, ta ja kunnensa zuwa makaranta, ta ƙi yin aure har sai da ta ga ya kama aiki. Daga baya ta auri wani ma'aikacin rijiyar mai, suka tafi can kudu, Comodoro Rivadavia, tafiyar kilomita kusan dubu biyu. Rabonsa da ganinta shekara ashirin da biyu, tun jana'izar mahaifinsu. Duk sanda suka yi waya sai ya ce mata yana nan tafe, amma ba a bas ba. A ɗakinsa na kansa zai zo.

Ɗakin nan shekara shida ya yi yana haɗa shi a bayan gida, da guntayen ƙarafa da tagogin wani tsohon tarago. Taya biyu gare shi, ana ɗaura shi a bayan akori-kura a ja. A ciki akwai gadon mutum biyu, da murhun gas, da tebur mai naɗewa, da tankin ruwa da ya auna ya sake aunawa. Ya shafe shi da koren fenti, rufin kuma ya ɗan yi doro, shi ya sa dangi suka sa masa suna Kunkuru. Hilario bai taɓa son sunan ba, abin da ya sa sunan ya zauna ke nan.

A watan Maris na shekarar 2003 Ofelia ta bugo waya. 'Yarta Mabel ta sami aiki a Sifen, kuma ba za ta bar tsohuwa mai shekara saba'in da tara ita kaɗai ba. Jirginsu zai tashi ranar Alhamis, goma ga Afrilu, da tsakar rana.

"In za ka zo, ka zo," in ji ta. "Ni dai na san wannan tafiyar ba mai dawowa ba ce."

"Kwana huɗu ne a hanya, Yaya. Mako biyu cur zan yi miki."

Yana da maganar da yake son gaya mata, wadda ba ta waya ba ce. Duk tsawon shekarun nan bai taɓa zama ya ce mata ya gode ba. So yake ya zaunar da ita a teburin nan mai naɗewa, ya zuba mata mate, shayin ganyen da muke sha a ƙoƙo, da hannunsa, ya faɗa a tsanake.

Da ya shimfiɗa taswira yana ja da jan biro, Nelida ta leƙo ta bayansa.

"Kwana huɗu? Tsoho, ka ƙirga mutanen da ke kan hanyar nan kuwa?"

"Gaisawa za mu yi, mu sha mate ƙoƙo ɗaya, mu wuce."

Nelida ta dai ƙara kayan sawa a jaka.

Shi ma ya san gaskiya, ƙin yarda ya yi. A wurinmu ba a wuce garin ɗan'uwa, wanda ya wuce ya yi zagi. In ka tsaya kuwa sai an hura wuta, kuma nama ba ya gasuwa ƙasa da awa uku. In an ci, ba a tashi daga tebur sai hira ta ƙare. In ta ƙare, lokacin barcin rana ya yi. In an farka, ai yamma ta yi, wa zai bar baƙonsa ya kama hanya?

Suka tashi saura kwana goma sha takwas. Zangon farko Rio Cuarto, gidan Rufino, ɗan kawunsa, wani ƙaton tsohon mahauci da tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Tun kafin a kashe mota Rufino ya fito da singileti, hannuwa a buɗe.

"A'a! Wa nake gani? Bawana ne ya jawo kejin kajinsa!"

"Ubangidanka dai. Matsa in ajiye shi. Kwana ɗaya zan yi, Rufino, ka ji ni da kyau. Ɗaya."

"Na ji, ɗaya. Bari in sa a kama ɗan akuya."

Da yamma Hilario ya buɗe ƙofar Kunkuru zai gyara shimfiɗa, sai Rufino ya tare ƙofar da cikinsa.

"A gwangwani za ka kwana ina da rai? So kake maƙwabta su ce Rufino ya bar ɗan'uwansa a bakin titi? Shige ciki, an riga an fitar da jikoki daga ɗakinsu."

Washegari aka ci ɗan akuya. Rana ta uku 'yar Rufino ta taso daga ƙauye da 'ya'yanta don ta gaishe su, ai kuwa ba a tafi a bar ta ba. Rana ta huɗu Hilario ya tashi da sassafe ya tarar da motar Rufino a gicciye a bakin ƙofar gida, wai makulli ya ɓace. Makullin bai fito ba sai da aka gama cin abincin rana ta biyar, kuma daga aljihun Rufino ya fito.

Sannan aka shiga loda saƙo. Buhun lemo biyu daga bishiyar tsakar gida, da wata kujerar lilo ta uwar Rufino, wadda wai Ofelia take son zama a kai tana yarinya.

"Jirgin sama fa za ta hau!" in ji Hilario. "Kujerar a ka za ta ɗauka? Kuma ka san a gadar kogin Colorado ba a wucewa da lemo."

"Ka ce musu na yayarka ne. Su ba su da 'yan'uwa?"

Aka ɗora kujera a kan gadon mutum biyu, aka jingina buhuna da tebur.

Abin da Hilario bai sani ba shi ne, Rufino ya kwana biyu yana buga waya. Duk wanda ke da ɗigon jininmu daga nan har bakin teku ya ji labarin cewa koren Kunkuru na tafe. A Vicuña Mackenna wani abokinsa na garejin jirgi ya tare su a gidan mai. A Huinca Renanco matar marigayi amininsa ce a bakin titi da kujerarta, tun safe. Kowa da wutarsa a hure, kowa da ɗakin da ya share, kowa da ɗan abin da za a kai wa Ofelia: kwandon ɓaure, bargo, hoto a cikin gilashi, har da tukunyar ƙarfe. Kilomita ɗari huɗu suka ci kwana huɗu. Hilario ya daina duba agogo, ya koma cizon leɓe.

Ranar Talata suka shiga Santa Rosa, gidan Casilda, ƙanwar Nelida. Nan suka tarar an ɗaga baftismar jikanta zuwa Asabar, musamman domin su, kuma Nelida ce za ta riƙe jaririn a coci. Hilario ya ja matarsa bayan Kunkuru.

"Taki 'yar'uwar mako mai zuwa ma tana nan. Tawa tashi za ta yi!"

"Da muka yi kwana biyar a gidan naka ɗan'uwan ban ji wannan muryar ba. Ko don bakinka na cike da nama ne?"

"Ni na ɓoye makulli?"

"Ni na haifi jaririn?"

Ya tafi shagon waya yana huci, ya kira Comodoro.

"Kana ina?" in ji Ofelia.

"Santa Rosa."

"Har yanzu? Rarrafe kake yi?"

"Yaya, mutane ne. Kowa sai ya tare ni."

"To ai mutane ba a wuce su. Ka gaida Casilda, ka ce ta shafa mini kan yaron. Mu nan an ma kwashe gadaje, a katifa muke kwana."

Ya daɗe riƙe da wayar bayan ta katse, har mai shagon ya ƙwanƙwasa masa gilashi.

Lahadi da safe suka tashi, saura kwana huɗu. Casilda ta cusa musu haƙarƙarin saniya ɓari guda a akwatin ƙanƙara, ragowar biki, ta ce Ofelia ba ta ci nata rabon ba. Da la'asar suka iso gadar kogin Colorado, inda ake duba abin da za a shiga da shi kudu. Wata matashiya mai farar riga ta sunkuyo ta taga.

"Baba, akwai 'ya'yan itace ko ɗanyen nama?"

Hilario bai iya ƙarya ba. Ya sauko ya buɗe mata ƙofar Kunkuru, wani lemo ya gangaro ya faɗi a ƙafarta. Ta leƙa ciki, ta dube shi, ta sake leƙawa.

"Baba, ko ku cinye a nan, ko a zuba a ramin can."

Karon farko ke nan a tafiyar da Hilario ya ji wani ya faɗi abin da ya yi masa daɗi.

"A zuba, 'yata. Bari in kama miki."

"A zuba me?" Nelida ta riga ta sauko. "Amanar mutane? In Rufino ya tambayi Ofelia lemonsa fa, ta ce me? 'Yata, tsaya. In an dafa fa?"

"Dafaffe yana wucewa, Inna."

Hilario ya rufe ido.

Suka koma baya, suka tsaya a gindin wasu bishiyoyi a bakin kogi. Nelida ta aike shi cikin gari ya sayo sukari da duk kwalbar da ya samu. Tukunyar ƙarfen da aka ba su saƙo ita ta hau murhun gas. Daga yammacin Lahadi har faɗuwar ranar Litinin tana dafa lemo da ɓaure da sukari har su yi kauri, irin na shafa wa burodi, tukunya bayan tukunya. Shi kuwa aka ba shi wuƙa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana haɗa ƙarfe da ƙarfe, ga shi zaune a kan bokiti yana ɓare lemo, ƙudan zuma na zagaye kansa. Haƙarƙarin kuma ya gasa shi a gefen titi, direbobin manyan motoci suka taru suka taya su. Ɗaya daga cikinsu ya zagaya Kunkuru yana sakace, ya ƙwanƙwasa jikinsa da yatsa.

"Baba Hilario, aiki ya yi kyau. Amma da wannan za ka shiga iskar kudu? Ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka kuma manta da sauri."

Gaskiya ya faɗa. Talata da asuba suka ƙetare gada da kwalba arba'in da ɗaya suna ƙara a baya, kuma tun kafin hantsi iska ta same su. Ba itace, ba tudu, ba abin da zai tare ta. Ta gefe take zuwa, ta tura Kunkuru, Kunkuru ya ja akori-kura. In allurar gudu ta haura arba'in sai duk abin ya fara rawa. Manyan motoci suna wuce su suna hon. Hilario ya ƙanƙame sitiyari har yatsunsa suka sandare, in ya tsaya shan mai sai Nelida ta murza masa su kafin su miƙe. Ga shi idonsa ba ya ganin hanya in duhu ya yi, dole rana na faɗuwa su tsaya.

Laraba da tsakar rana suka hango Trelew. A nan Gwaggo Petrona take, ƙanwar mahaifinsa, shekararta casa'in da ɗaya, ita kaɗai ta rage a cikin manya. Hilario ya yi lissafi tun daga nesa. Saura kilomita ɗari uku da saba'in da biyar, a wannan iskar awa goma ke nan. In ya tuƙa har magariba, ya tashi da asuba, zai iske jirgi. In ya shiga gidan Gwaggo, ko da sunan ƙoƙo ɗaya, sai Juma'a.

"Ba zan tsaya ba," in ji shi.

"Hilario."

"Na ce ba zan tsaya ba. A dawowa ma yi mata mako."

"Wataƙila ma ba ta san yau za mu wuce ba," in ji Nelida, a hankali, kamar mai roƙo.

Ta sani. A shataletalen shiga gari akwai wata farar mota a gefen titi. Surukin Gwaggo yana tsaye yana riƙe da ƙofa don kada iska ta fizge ta, ita kuma tsohuwar tana zaune a gaba, ƙafafunta a waje, an lulluɓe ta da bargo. Da ta hango koren abu sai ta ɗaga farin tawul tana kaɗawa da hannu biyu.

Ƙafar Hilario ta je kan birki da kanta. Ya ji motar ta rage gudu. Ya ga fuskar Gwaggo sarai, bakinta a buɗe tana kiran sunansa. Sai ya danna hon sau uku, ya ɗaga hannu, ya taka totur.

A madubi ya ga tawul ɗin ya tsaya a sama, sannan ya sauka.

Nelida ta yi alamar gicciye, ta juya fuskarta ga taga. Mate ma ta zuba ta sha ita kaɗai. Shi ma bai nema ba. Da bayan hannu yake share ido, yana cewa iska ce ke shigowa ta kafar gilashi.

Alhamis ƙarfe goma sha ɗaya da minti biyar suka shiga filin jirgin Comodoro. Gidan Ofelia da ya yi shekara ashirin da biyu yana kwatantawa a ransa, ko unguwar bai gani ba. Ya bar Kunkuru a karkace ya cinye wurin mota uku, ya shiga da gudu irin na mai shekara sittin da takwas.

Tana zaune a benci da sanda a hannu, ta ƙanƙance, kanta fari fat. Mabel na tsaye a gefenta da takardu. Hilario ya durƙusa a gabanta, numfashi ya ƙi ba shi damar magana. Ta dube shi sosai. Sai ta ɗaga jakar hannunta ta maka masa a kafaɗa.

"Ka wuce Gwaggo Petrona?"

"Yaya..."

"Tun jiya waya ba ta huta ba! Rufino ya kira, Casilda ta kira, ita kanta Gwaggo ta kira tana kuka. Tun ƙarfe takwas na safe take bakin titi! Ta sa an yanka rago! Ka yi mata hon? Hon, Hilario? Akuya ce ita?"

"Don ke na yi! Da na tsaya da ban same ki ba!"

"Kada ka sa sunana a ciki. Ni na koya maka haka? Ni da na wanke maka wando har ka yi gemu?"

"Kwana goma sha takwas ina hanya, Yaya! Kowa ya samu rabonsa, Rufino kwana biyar, Casilda kwana biyar, lemo ma ya samu kwana biyu! Ke kaɗai na fito dominki, ke kaɗai ce..."

Mutane suna juyowa suna kallo. Nelida ta ƙaraso ta rungume Ofelia, su biyun suka fashe da kuka, sannan suka haɗu suka ci gaba da yi masa faɗa tare. Hilario yana kallon babban agogon bango. Minti ashirin suka tafi a kan Gwaggo Petrona.

Da abin ya lafa ya kama hannun yayarsa.

"Zo ki ga ɗakin. Yana nan waje, taku hamsin ne. Ki zauna a ciki ko na minti biyu."

"Kawu, ba lokaci," in ji Mabel. "An fara kira."

Ya dai ja ta zuwa bakin gilashi ya nuna mata. Ofelia ta ƙanƙance ido ta daɗe tana dubawa.

"Wancan koren? Ai na gan shi tun shigowarsa, na ɗauka na masu sayar da burodi ne." Ta juyo ta dube shi. "Da hannunka ka yi?"

"Da hannuna."

"To. Ba laifi."

Lasifika ta sake kira. Ofelia ta miƙa wa Mabel sandar, ta kama fuskarsa da hannu biyu, tana shafa gemunsa na kwana uku da babban yatsa.

"Ka tsufa, ƙanena. Ka koma Baba sak."

"Yaya, akwai maganar da na zo da ita. Tun daga gida nake shirya ta. Ban taɓa..."

"Na sani. Tun kana ɗan shekara shida na sani. Tashi ka je ka ba Gwaggo haƙuri, kuma duk abin da ta sa a gabanka ka cinye."

Mabel ta mayar mata da sandar, ta riƙe ta, suka shige ta ƙofar da ba a bin mutum. Ba ta waiwayo ba, sanda kawai ta ɗaga sama.

Hilario ya tsaya a bakin gilashi har jirgin ya tashi, iska tana karkata shi kamar yadda ta yi wa motarsa. Bai sake ganinta ba, shekara huɗu bayan nan ta rasu a can. Ranar dai ya fito ya zauna a mota, hannuwa a kan sitiyari, bai kunna ba. Can Nelida ta taɓa masa gwiwa.

"Tsoho, in za mu isa Trelew gobe da rana, sai mu tashi."

"Kwana nawa kike ganin Gwaggo za ta riƙe mu?"

"Yadda ka yi mata? Ka shirya wa wata guda."

Ya ja dogon tsaki, ya murɗa makulli.